Petrovo Selo: me ya kai Kurowatawa bakin iyakar Hangari da Ostiriya, kuma su nawa ne?

Wani ɗalibin tarihi ya rubuto yana cewa ya ci karo da wani ƙauye a taswira mai suna Szentpéterfa, can yammacin Hangari, daf da iyakar Ostiriya, aka ce masa mafi yawan mutanensa Kurowatawa ne, wato ƙabilar mutanen ƙasar Kuroshiya. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne ƙauyen bai haɗa iyaka da Kuroshiya ba, to me ya kai su can? Sannan alƙaluman da ya gani game da yawansu ba su yi daidai da juna ba, wanne zai kama?

Malam, tambaya biyu ka ɗaure a ƙunshi ɗaya, kuma ta biyun ta fi ta farkon wuya. Bari in fara da kalmar "iyaka", domin ita ke kai mutane ta baro. Da an ce ƙauyen Kurowatawa a bakin iyaka, sai hankali ya tafi ga cewa ai mutanen Kuroshiya ne suka ɗan malalo cikin maƙwabta, kamar yadda kogi ke cika ya ci gonakin gefensa. A nan lamarin dabam ne. Iyakar da ta zagaye wannan ƙauye ta Hangari da Ostiriya ce, bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya aka shata ta, kuma ta tarar da mutanen sun kusa shekara 400 a wurin. Ita ce baƙuwa, su ne 'yan gida.

Sunan ƙauyen uku ne. Majarawa, wato ƙabilar da ta fi yawa a Hangari, suna ce masa Szentpéterfa. Mutanensa da bakinsu Petrovo Selo suke cewa. Maƙwabtansu masu jin Jamusanci kuwa Prostrum. Na farko da na biyu abu guda suke nufi, ƙauyen Bitrus, waliyyin da aka sa wa cocin garin sunansa. Zan riƙa cewa Bamajare idan ƙabila nake nufi, ɗan Hangari idan ɗan ƙasa nake nufi, ka riƙe wannan bambanci da kyau, don rabin rikicin alƙaluman da ka gani daga cakuɗa su ya taso. Ƙauyen yana lardin Vas, kudu maso yamma da Szombathely, babban birnin lardin, a kwarin wani ƙaramin kogi da ake kira Pinka. In ka duba taswirar da kyau za ka ga ya shige cikin Ostiriya kamar ɗan yatsa, iyaka ta kewaye shi ta ɓangare uku. Sunansa ya bayyana a takardu tun 1221, wato da akwai gari a wurin sama da shekara 300 kafin Kurowatawan su iso.

Abin da ya kawo su yaƙi ne. Daga ƙarshen ƙarni na 15 rundunonin Daular Usmaniyya ta Turkawa suka fara matsa wa ƙasar Kuroshiya daga wajen Bosniya. A 1493 aka yi yaƙin filin Krbava, inda manyan Kuroshiya da yawa suka halaka a yini guda. A 1526 Sultan Sulaiman ya murƙushe rundunar Hangari a Mohács, sarkin Hangari Lajos na Biyu ya mutu a wurin gudu. A 1529 Turkawa suka yi wa Biyana, babban birnin Ostiriya, ƙawanya, a 1532 suka sake nufo ta, sai ƙaramar ganuwar Kőszeg ta tsayar da su makonni. Wanda ya riƙe ganuwar, Nikola Jurišić, shi kansa Bakurowate ne, kuma har gobe ana kaɗa ƙararrawa a Kőszeg da ƙarfe 11 na safe don tunawa da janyewar rundunar. Kőszeg ɗin nan a lardin Vas take, arewa da ƙauyen da muke magana a kai. Ganuwa ta tsira, amma ƙauyukan da runduna mai wannan yawa ta bi ta kansu sau biyu cikin shekara uku ba su tsira ba. An ƙone, an kama bayi, annoba ta biyo baya, gonaki suka koma saura.

To ga yanayi biyu sun haɗu. A kudu akwai manoma da ba su da tabbacin za su girbe abin da suka shuka. A arewa akwai ƙasa mai kyau babu masu noma ta. Wanda ya haɗa su shi ne mai gandu. A tsarin wancan zamani ƙasa ta manyan gidaje ce, manomi yana zaune a kanta yana biyan haraji da aikin tilas, don haka gandun da ba mutane ba shi da amfani ga mai shi. Wasu daga cikin gidajen nan suna da ƙasa a wuraren biyu. Gidan Batthyány ya samu gandun Güssing, garin da ke Ostiriya yanzu, a 1524 alhali yana da gandaye a Kuroshiya. Gidan Erdődy, wanda Petrovo Selo ke ƙarƙashin gandunsa na Eberau, cikakken laƙabinsa ma ya isa hujja: Erdődy na Monyorókerék da Monoszló. Monyorókerék shi ne Eberau, garin da ke maƙwabtaka da ƙauyen, yanzu a Ostiriya. Monoszló kuwa shi ne Moslavina, a cikin Kuroshiya. Mai gandu ya kwaso talakawansa daga gandun da ke bakin wuta ya zaunar da su a wanda ke da ɗan sauƙi, ana yi wa sababbin zuwa rangwamen haraji na 'yan shekaru har su kafu. Wannan ƙaura ta ci gaba rukuni bayan rukuni daga wajajen 1530 har zuwa ƙarshen ƙarnin, ta bar jerin ƙauyuka tun daga kwarin Pinka har zuwa kusa da Bratislava, babban birnin Sulobakiya a yau, da kudancin Morabiya, yankin da ke ƙasar Chek a yau. Shi ya sa nake ganin kiran su "'yan gudun hijira" kawai bai cika ba. Sun gudu, gaskiya ne, amma akwai wanda ya tsara tafiyar don ribar kansa, kuma shi ya sa suka sauka gari-gari a dunƙule maimakon su watse.

Saukar nan a dunƙule ita ce ta riƙe harshen. Sun zo da limaman cocinsu, suna Katolika, kuma lokacin da ɗariƙar Furotesta ta bazu cikin Jamusawa da Majarawan yankin a ƙarni na 16, galibin Kurowatawan ba su bi ba. Huɗuba da addu'a da waƙar coci da harshensu ake yi. Aure yawanci cikin gari ne ko da wani ƙauyen Kurowatawa. Namiji yana iya jin Majaranci don hukuma da aikin soja, ya ji Jamusanci don kasuwa, amma a tsakar gida harshe ɗaya ne. Kuma wannan harshe ya rabu da na Kuroshiya tun kafin a daidaita Kurowatancin boko a ƙarni na 19, saboda haka ya ajiye tsofaffin kalmomi da aka daina ji a Zagreb, babban birnin Kuroshiya, ya kuma ɗebo na aro daga Jamusanci da Majaranci. Masana suna rarrabe karin harshen Kurowatanci da kalmar da ake cewa "me": wasu "ča", wasu "kaj", wasu "što". Duka ukun akwai su a waɗannan ƙauyuka, alamar cewa ba daga wuri guda aka kwaso su ba. Mutumin Zagreb zai fahimci tsohuwar Petrovo Selo, amma zai ji kamar kakar kakarsa ce ke magana.

Abu na farko da ya fara rage yawan mutanen ƙauyen talauci ne, tun kafin a yi zancen iyaka. Zuwa ƙarshen ƙarni na 19 jama'a ta ƙaru, gonaki sun tsattsage wajen rabon gado, manyan filaye kuma suna hannun masu gandu. Sai kwarin Pinka da kewayensa suka kama hanyar Amurka. Da yawa sun sauka a jihar Pennsylvania, garuruwa irin su Northampton da Coplay inda masana'antun siminti suke, wasu kuma New York. Mutanen Petrovo Selo na cikin waɗanda suka yi yawa a Northampton. Wani ya yi shekaru ya dawo ya sayi gona ya gina gida, wani ya aiko a kai masa mata shi ke nan. Dokar shige da fice da Amurka ta kafa a 1924 ce ta tsuke wannan ƙofa. Girman wannan ƙaura ya kai har an yi mata gidan tarihi na musamman a Güssing.

Yanzu ga iyakar. Da daular Ostiriya da Hangari ta rushe a 1918, waɗanda suka ci yaƙi suka zauna a Faris suna yanka ƙasa. Wakilan Chekoslobakiya sun kawo shawarar a yanki wani zirin ƙasa ta yammacin Hangari ya haɗa su da sabuwar ƙasar da daga baya aka sani da Yugoslabiya, kuma ɗaya daga cikin hujjojin da aka kafa shi ne waɗannan ƙauyukan Kurowatawa. Ba a karɓa ba. Aka ba Ostiriya yankin a yarjejeniyar Saint-Germain ta 1919, aka tabbatar a ta Trianon ranar 4 ga Yuni 1920, bisa dalilin cewa mafi yawan mazaunansa masu jin Jamusanci ne. Yankin shi ne jihar Burgenland ta yau, Kurowatawa suna ce mata Gradišće, kuma daga nan aka samo sunan da ake kiran dukansu da shi, Kurowatawan Gradišće, har da waɗanda suke ɓangaren Hangari. Miƙa yankin bai zo da sauƙi ba. A Agustan 1921 'yan sa-kai na Hangari ɗauke da makamai suka kori 'yan sandan Ostiriya, a Oktoba ma suka shelanta wata 'yar ƙasa tasu a Oberwart wadda ta yi wajen wata guda kacal. Italiya ta shiga tsakani, aka yarda a yi ƙuri'ar raba gardama a birnin Sopron da ƙauyuka takwas na kewayensa. An yi ta daga 14 zuwa 16 ga Disamba 1921, kimanin kashi 65 cikin ɗari suka zaɓi Hangari. Ka lura da wannan: Kópháza, ƙauyen Kurowatawan da ke cikin takwas ɗin, Hangari ya zaɓa, alhali yawancin ƙauyukan Jamusawan Ostiriya suka so.

Petrovo Selo ba ya cikin masu ƙuri'a, don haka ya faɗa hannun Ostiriya. Mutanensa ba su yarda ba, suka yi ta kai ƙara da zanga-zanga gaban hukumar ƙasashen waje da aka naɗa ta bi iyakar ƙafa da ƙafa tana kafa duwatsu. A Satumban 1922 ƙungiyar ƙasashen duniya ta wancan zamani, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta gada, ta yanke cewa a mayar wa Hangari wasu ƙauyukan kwarin Pinka, irin su Narda da Csatár da Horvátlövő da Pornóapáti. Petrovo Selo bai shiga wannan hukunci ba. Sai da ƙasashen biyu suka yi musanya: Hangari ta ba da Rattersdorf da Liebing, ƙauyukan masu jin Jamusanci kusa da Kőszeg, ta karɓi Petrovo Selo da wani ɗan ƙaramin ƙauyen Kurowatawa mai suna Ólmod. A watan Maris na 1923 aka mayar da shi. Wannan musanya ce ta haifar da ɗan yatsan da ka gani a taswira: an dawo da gari, amma maƙwabtansa na yamma da arewa da kudu sun zauna a Ostiriya.

Me ya sa Bakurowate zai dage sai Hangari? Majalisar dokokin Hangari tana da amsarta. A 2014 ta ba ƙauyuka goma da suka dawo a wancan lokaci laƙabin Communitas Fidelissima, da Latin ke nan, ma'ana al'umma mafi biyayya, kamar yadda aka ba Sopron irin wannan laƙabi a 1922. Ba na musun cewa akwai son ƙasa a ciki. Mutanen nan sun yi ƙarni huɗu a masarautar Hangari, kuma malaman makaranta da limaman cocinsu a makarantun Majaranci aka horar da su, musamman bayan dokar ilimi ta 1907 da ta tsananta koyar da Majaranci ga 'ya'yan sauran ƙabilu. Amma a ganina manomi ya duba wasu abubuwan ma. Kasuwar da yake kai shanu da hatsi Szombathely take. Bishop ɗinsa a can yake. Ostiriyar 1921 kuwa ƙasa ce mai fama da yunwa da faɗuwar kuɗi, wadda 'ya'yanta da kansu ba su da tabbacin za ta ɗore. Kurowatawan arewacin yankin, waɗanda ke zuwa ƙwadago Biyana, da yawansu Ostiriya suka fi so. Ƙabila ɗaya, harshe ɗaya, amma kowa ya kalli inda tuwonsa yake. Abin da ke ba ni sha'awa shi ne galibin waɗannan ƙauyuka goma "mafi biyayya" ga Hangari ba Majaranci ne harshen gidansu ba.

Tsakanin yaƙe-yaƙen biyu iyakar ba ta yi tsanani ba. Mutum na iya samun gona a can, gida a nan, ana biki ana zuwa jana'iza, ana kuma fasa-ƙwauri. Wanda ya san zaman Jibiya da Ɗan Isa ko Illela da Birnin Ƙonni ba sai an yi masa dogon bayani ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne abin ya zama wani abu dabam. Hangari ta faɗa ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet, kuma daga 1949 aka shimfiɗa waya mai ƙaya da nakiyoyi a tsawon iyakar da Ostiriya, abin da ake kira Labulen Ƙarfe. An kwashe nakiyoyin a 1956, sai ga juyin juya halin Oktoba na wannan shekarar, da tankokin Sobiyet suka murƙushe shi mutum kimanin 200,000 suka bar ƙasar, mafi yawansu ta wannan iyaka. Ƙauyukan bakin iyaka sun yi asarar matasa a lokacin, tunda su suka fi kowa sanin hanya. A 1957 aka sake binne nakiyoyi, daga baya tsakanin 1965 da 1970 aka maye gurbinsu da shingen waya mai lantarki da ke sanar da masu gadi da zarar an taɓa shi. An kuma keɓe wani yanki a bayan iyakar wanda ɗan ƙasa ma ba ya shiga sai da takardar izini. Ka kwatanta garin da waya ta kewaye ta gefe uku, gefe na huɗu kuma akwai shingen bincike. Kana hango hasumiyar cocin Eberau, inda wataƙila gwaggonka take aure, amma zuwa wurinta sai ka nemi fasfo ka yi zagaye mai nisa, in an ba ka. Sannan rikicin Tito, shugaban Yugoslabiya, da Stalin na Tarayyar Sobiyet a 1948 ya sa duk mai jin wani harshe na Yugoslabiya ya zama abin zargi na wasu shekaru. A ƙarshen shekarun 1950 zuwa 1961 kuma aka tattara gonaki cikin gandun haɗin gwiwa na gwamnati, matasa suka kama zuwa masana'antun Szombathely.

Ga inda na fi so ka tsaya ka yi tunani. Kullen nan da ya tsuke garin, ya hana shi girma, shi ne kuma ya taimaka wajen riƙe harshensa. Baƙo ba ya shigowa ya zauna, masana'anta ba ta zuwa, wanda ya rage a gari da ɗan gari yake aure. A tsallaken waya kuwa, Kurowatawan Ostiriya sun fi su komai a takarda. Sashe na 7 na yarjejeniyar da ta maido wa Ostiriya 'yancinta a 1955 ya ba su haƙƙin makaranta da harshensu, da amfani da shi a ofis, da allunan sunan gari cikin harshe biyu, ko da yake allunan sai a shekara ta 2000 aka kafa su. Duk da haka yawansu ya yi ta raguwa. Ƙidayar 1934 ta samu kimanin 40,000 a Burgenland, ta 2001 ba ta kai 20,000 ba. Dalili kuwa bai ɓuya ba: maza na kwana Biyana wajen aikin gini duk mako, iyaye na ganin Jamusanci ne hanyar ci gaban yaro, auratayya ta yawaita. A cikin gundumar Eberau ɗin nan akwai ƙauye mai suna Kroatisch Ehrensdorf, sunansa na cewa na Kurowatawa ne, amma harshen ya ja baya ƙwarai a cikinsa, alhali Petrovo Selo da ke 'yan kilomita kaɗan yana nan da nasa. Ba yabon shingen nake yi ba, wanda ya rayu a bayansa ba zai gode mini ba. Sai dai in kana neman dalilin da ya sa rinjayen ya kai yau, dole ka sa shi a lissafi, tare da ƙoƙarin mutanen garin wajen riƙe coci da makaranta da ƙungiyoyin kiɗan tamburitsa, ɗan garayarsu mai tsarkiya.

To mu zo ga lissafi. Yawan mazauna garin ba abin gardama ba ne, yana wajen mutum 1,000, kuma ya fi haka a farkon ƙarni na 20. Gardamar tana kan Kurowatawa nawa ne a ciki, kuma a nan amsar ta danganta da yadda aka yi tambayar da kuma shekarar da aka yi ta.

Ƙidayar zamanin daula, kamar ta 1910, harshen uwa take tambaya, amsa ɗaya tak. Ƙidayar 1941 ta tambayi harshe da ƙabila, kuma bayan yaƙi aka ɗauki takardunta aka yi amfani da su wajen korar Jamusawan Hangari, mutum wajen 200,000, daga 1946. Maƙwabta sun ga abin da faɗin gaskiya ga mai ƙidaya ya jawo. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ai sai ka shafa wa naka ruwa, don haka a ƙidayar 1949 yawan masu cewa su wata ƙabila ce ba Majarawa ba ya faɗi warwas a duk ƙasar, ba tare da sun mutu ko sun ƙaura ba. Tsoron bai banza ba kuwa: a 1948 Chekoslobakiya ta kwashe Kurowatawan ƙauyuka uku na kudancin Morabiya ta warwatsa su cikin ƙasa. Sannan a zamanin kwaminisanci an riƙa haɗa Kurowatawa da Sabiyawa da Sulobeniyawa a ƙarƙashin inuwa ɗaya ta "Sulabawan Kudu", har a makaranta abin da ake koyarwa harshen boko ne na Yugoslabiya, wanda ya bambanta da na tsakar gida. Duk jadawalin da ka gani na waɗannan shekaru, ka karanta shi da wannan a zuciya.

Bayan 1989 abubuwa suka juya. Dokar 1993 ta amince da ƙananan ƙabilu 13, Kurowatawa na ciki, ta ba su damar zaɓen majalisun kansu a gari da kuma ƙasa baki ɗaya, aka sabunta ta a 2011. A ƙidayar zamani amsa tambayar ƙabila ba dole ba ce, kuma mutum na iya ba da amsa fiye da ɗaya. A 2001 kimanin mutum 15,600 suka ce su Kurowatawa ne a duk Hangari. A 2011 suka zama 23,561, in kuma aka haɗa da waɗanda suka ambaci harshen kawai, 26,774. Ba haihuwa ce ta kawo wannan ƙari ba. An canza fasalin tambayar, aka tambayi ƙabila sannan aka sake tambaya ko akwai wata ta biyu, tsoro kuma ya ragu. A wannan ƙidaya ta 2011 waɗanda suka ce Kurowatanci ne harshen uwarsu ba su kai 14,000 ba, wato ƙasa da na 2001. Masu amsa sunan sun ƙaru, masu shan harshen a nono sun ragu.

Wannan ne ya sa za ka ga jadawalin ƙauyen yana haura kashi ɗari in ka tara. Ɗauki misali kawai, ba alƙaluman gaske ba: gari mai mutum 1,000, 800 sun ce Kurowatawa ne, 700 sun ce Majarawa ne. Ba kuskuren bugu ba ne, ɗaruruwa ne suka amsa duka biyun. Wani marubuci zai ɗauki na farkon ya ce garin Kurowatawa ne, wani ya ɗauki na biyun ya ce na Majarawa ne, kowa da takardarsa a hannu. A Petrovo Selo mafi rinjaye suna amsa sunan Kurowatawa, kuma yana cikin garuruwan da kasonsu ya fi yawa a duk Hangari. Idan za ka rubuta wani abu a kai, ka faɗi shekarar ƙidaya, ka faɗi ko layin ƙabila ka ɗauka ko na harshen uwa ko na harshen da ake yi a gida, domin layuka uku ne dabam. Kada kuma ka jera adadin Hangari da na Ostiriya kamar awo ɗaya aka yi musu: Ostiriya harshen mu'amalar yau da kullum take tambaya, kuma tun bayan 2001 ta koma ƙidaya daga rajistar hukuma, wadda ba ta ɗauke da wannan tambaya sam.

Halin da ake ciki yanzu kusan kishiyar na da ne. A Mayun 1989 aka fara tsinke wayar, Hangari ta shiga Tarayyar Turai a 2004, ranar 21 ga Disamba 2007 ta shiga yarjejeniyar Schengen ta buɗe iyakoki tsakanin ƙasashen Turai aka ɗage shingen bincike, a Mayun 2011 kuma Ostiriya ta buɗe wa 'yan Hangari kasuwar aikinta. Garin da ya kasance ƙarshen hanya ya zama bakin ƙofa. Mutum zai kwana a gidansa ya tafi aiki Ostiriya da safe ya karɓi albashi da kuɗin yuro, abin da ke rage buƙatar ƙaura, kuma wannan alheri ne ga yawan jama'a. Amma harshen da ke kawo wannan albashi Jamusanci ne, na waya da talabijin da makarantar sakandare kuma Majaranci. Garin yana da firamare mai koyarwa da Kurowatanci da Majaranci, ana fita da jaridar mako ta Hrvatski glasnik don Kurowatawan Hangari, kuma duk ƙarshen Agusta Kurowatawan Gradišće daga Ostiriya da Hangari da Sulobakiya suna haɗuwa a ziyarar ibada ta garin Mariazell da ke Ostiriya. Matsin da ya cinye harshen a ƙauyukan tsallake shekara 50 da suka wuce, yanzu ne ya iso nan da ƙarfinsa, shi ya sa ni in ƙidaya ta fito layin harshen uwa na yara nake fara dubawa kafin na ƙabila.

Wata hanya da ɗalibai ke bi in alƙaluma sun ruɗa su ita ce ƙirga sunayen iyali, to ka yi hattara da ita. Ƙarshen suna na Kurowatanci da ake rubutawa -ić a Zagreb, a Hangari -ics ko -its ake rubuta shi, a Ostiriya -its ko -itsch, har ka samu dangi ɗaya da rubutu uku a maƙabartu uku. Akwai kuma masu sunan Jamusanci ko Majaranci da Kurowatanci suke yi a gida tun kaka da kakanni. Sunan Horváth kansa ma'anarsa Bakurowate, kuma yana cikin sunaye biyar mafi yawa a Hangari, a Sulobakiya ma shi ne na ɗaya, amma mafi yawan masu shi ba su jin ko kalma guda ta harshen. Rajistar baftisma da ta aure ta cocin garin, da jerin sunayen masu biyan haraji na gandun Eberau, su ne takardun da za su nuna maka wane gida ya zo yaushe, kuma da wa ya yi aure.